Tsofaffin motocin soja: takarda da birki tukuna, fenti daga baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan tsofaffin manyan motocin ɗaukar kaya na soja, waɗanda ake yankawa da wutar gas ana sayarwa a kan sikeli a nan Kaduna. Mu masu wannan takarda makanikan manyan motoci ne da masu walda da masu wayarin. Abin da muke so mu faɗa shi ne motocin nan suna tashi, kuma mai sha'awa zai iya mayar da ɗaya kan titi idan ya bi aikin daki-daki. Yawancin masu farawa su watsar juya aikin suke yi. Sai su zuba kuɗi a fenti da tayar da inji, su bar takarda da shasi (firam ɗin ƙarfen da mota ke zaune a kai) da birki a baya, har ranar da ɗaya daga cikin ukun zai tsayar da komai.

Kaduna garin barikoki ne tun zamanin Turawa. A nan hedikwatar Runduna ta Ɗaya take, a nan aka kafa makarantar hafsoshi ta NDA da masana'antar kayan tsaro ta DICON a 1964, ga barikin Jaji a kan hanyar Zariya. Don haka motocin da suka gama aiki aka yi gwanjonsu da yawa a nan suka ƙare. Wasu sun koma tankar ruwa, wasu suna ɗaukar itace da yashi, wasu kuma suna zaune a bayan gareji ciyawa ta fito ta cikin bodinsu. A Ingila da Jamus da Amurka irin waɗannan motoci ƙungiyoyi gare su, ana gyara su ana fita da su baje koli. Mu kuwa kilo nawa ne kawai tambayar da ake yi musu, alhali akwai hannun da zai iya aikin a Panteka da Kurmin Mashi da Kakuri.

Zaɓen mota shi ne rabin aikin. Bedford RL, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1953, injin fetur gare ta mai silinda shida, lita 4.9. Tana da kyan gani da sauƙin kwancewa, amma lita ɗaya ba ta kai ta fiye da kilomita uku zuwa huɗu, wato zuwa Zariya kaɗai sai ta sha sama da lita ashirin, kuma kayanta sun yi wuya. Bedford MK da ta gaje ta a 1970, da MJ da ta biyo baya, injinsu lita 5.4 ne kuma da gas, wato dizal, suke tafiya. Steyr ta ƙasar Ostiriya, wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi, ƙarfi gare ta, sai dai neman kayanta yana ɗaukar watanni. Unimog 404 ƙarama ce, mai injin fetur lita 2.2, amma giyabos ɗinta da ƙafafunta ba aikin ɗan koyo ba ne. Ga wanda zai fara, shawararmu ita ce Marsandi 911 mai gajeren hanci, mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke ɗauke da injin OM 352 mai lita 5.7. An riƙa haɗa manyan motocin Marsandi a Inugu daga farkon shekarun 1980, 'yan kasuwa sun yi shekaru suna aiki da irin wannan inji, saboda haka fistin da zobe da gaskit da nozul duk ana samu, kuma kusan kowane tsohon makanike ya san cikinsa.

Kafin a biya ko sisi, a nemi takarda. Motar da ta fito daga hannun soja dole ta zo da shaidar gwanjo ko takardar sallama mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji, sannan rasit na duk hannun da ta bi. A goge wurin lambar da burushin waya a karanta da ido, a gwada da abin da ke rubuce. In an ga alamar an bi lambar da garanda ko an sake buga ta, a haƙura da motar komai arharta. Wadda aka shigo da ita daga waje kuma sai an ga takardun kwastam. Akwai matsalar sitiyari: tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokokin hanya ba su yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Yawancin Bedford ɗin da suka fito daga sojan Ingila a dama sitiyarinsu yake, kuma mayar da shi hagu a motar da ke ja da ƙafa huɗu aiki ne babba wanda bai kamata a ba mai walda na gefen titi ba.

Sai maganar da masu sha'awa ba sa son ji. Akwai dokar tarayya ta 1977 da ta hana farar hula tuƙa mota mai fentin koren soja. Turawa suna mayar da motocinsu launin asali har da alamun bataliya, amma wannan ba abin kwaikwayo ba ne a nan. A jihar da 'yan bindiga ke sa kayan sarki su tare hanya, motar da ta yi kama da ta soja haɗari ce ga mai ita da duk wanda ke cikinta. A cire maɗaurin bindiga in akwai, a cire dogayen eriya da jiniya, a kankare lambobin runduna. Wanda ke son adana tarihi ya ɗauki hotunan komai kafin ya taɓa, ya bar ɗan fili kamar tafin hannu na tsohon fentin a bayan kujera, ya adana farantin bayanai na ƙarfe da ke cikin kan motar, wato ɗakin direba.

Bayan takarda sai shasi, domin shi ne abin da ba a saye a kasuwa. A shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi idan an buga, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum ya zubo da ɓawo. Wuraren da ke fara ci su ne inda sifirin ke rataye, da bayan kan mota inda ruwan sama ke sauka, da ƙarƙashin akwatin batir, da duk inda aka ninka ƙarfe biyu, don tsatsa tana shiga tsakaninsu ta kumbura ta buɗa su. Kusar rifit da aka ga jan gari ya zagaye kanta ta saki, tana motsi. A auna shasin da igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In bambancin ya wuce milimita shida zuwa goma, motar ta taɓa faɗuwa ko an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, kuma za ta riƙa cin taya har abada.

Tsagewa ɗaya ko biyu ana gyarawa. A huda ƙaramin rami a daidai inda tsagewar ta tsaya don kada ta ci gaba, a fafe ta da garanda, a cike da sandar walda 7018 busasshiya, sannan a ɗora faranti mai siffar lu'ulu'u a gefen shasin a ɗaure da noti mai lamba 10.9. Abin da ba a yi shi ne walda a gicciye a leɓen sama ko na ƙasa na shasi, ko huda su, saboda nan ne nauyi ke bi, kuma daga gefen waldar zai sake karyewa. Kafin a kunna injin walda a cire kan batir da wayoyin altaneto. Tankin mai kuwa ba a kai masa wuta sai an wanke an cika shi da ruwa, ko da ya shekara goma a bushe.

Ranar ɗauko ta a hau da ita kan babbar tirela, ko a ja ta da janwe da sandar ƙarfe, a kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafu, tukuna don kada giyabos ya juya babu mai. Ba a jan motar da ba ta da birki da igiya ko sarƙa. Kafin kowa ya sa hannu a ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin batir a yi feshi, domin maciji da kunama da rina sun riga ku zama a ciki. A gida a ajiye ta a daɓen siminti, a sa waigi gaba da baya, a ɗora ta a kan kujerun ƙarfe ko manyan guma-guman katako. Motar nan ko babu kaya ta wuce tan huɗu. Jak na ɗagawa ne kawai, bulo kuma fashewa yake yi ba tare da gargaɗi ba.

Yanzu birki, wanda a ganinmu shi ne ainihin aikin. Yawancin motocin nan birkinsu na mai ne da iska ke taimaka wa: kwamfuresa ya tara iska a tanki, iskar ta tura masta, wato babbar silindar birki, masta ya tura mai zuwa ƙafafu. Da yawa daga cikinsu layi ɗaya ne tak, ma'ana tiyo ɗaya ya fashe, duk ƙafafun sun rasa birki a lokaci guda. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska. Motar da ta yi damina goma a tsaye, ruwan da man ya sha ya riga ya kwanta a ƙasan kowace silinda ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka. Shi ya sa canza roba kaɗai ba ya magani: sabuwar roba za ta riƙe mako biyu, ramukan su yanka ta, mai ya jiƙa lainin, wato fatar birkin da ke kama durom, motar ta fara ja gefe guda.

Don haka a kwance komai. A cire kowane durom, a fito da kowace silindar ƙafa da masta, a duba cikinsu a hasken rana a shafa da farce. In ɗan dishi-dishi ne, a goge da dutsen honin mai laushi. In farce yana maƙalewa, sai sabuwa ko a kai wa masu injin tona su sa mata hannun riga na ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk tiyon roba a zubar ko da yana sheƙi a waje, saboda ta ciki yake kumbura, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ƙafa ta riƙe ta yi zafi. Bututun ƙarfe a maye su da na ƙarfe ko na gamin tagulla da nikel, a yi wa bakinsu ninki biyu. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji da iyakwandishan ba na birki ba ne, girgiza tana busar da shi ya tsage a bakin noti. Tsohon lainin kuma asbestos ne a cikinsa, mai lalata huhu. Kada a hure ƙurarsa da iska, a jiƙa da ruwa a goge da tsumma a binne tsumman.

Wurin zuba mai ake yawan yin ɓarna. Motocin sojan Amurka irin M35 man silikon DOT 5 suke amfani da shi, kuma ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4. Man giyar otomatik ko baƙin mai, ko cokali ɗaya ne, zai kumbura duk robobin da aka saka. Ruwan omo da wasu direbobi ke ɗurawa a hanya kuwa kisan kai ne, don da durom ya yi zafi ruwan zai tafasa feda ta tafi ƙasa. A tanadi lita uku zuwa huɗu na man da ya dace, a fara fitar da iska daga na'urar taimakon, sannan ƙafar da ta fi nisa da masta, a matso har mafi kusa.

Ɓangaren iska ana gwada shi tun inji bai tashi ba, da kwamfuresan gareji. A buɗe bawul ɗin ƙasan tanki a ga abin da zai fito. Ruwa kaɗan ba komai. Ruwa mai jan tsatsa da yawa yana nufin tankin ya ci ta ciki, a canza shi, ba a yi wa tankin iska faci. Baƙin mai kuma yana nuna zoben kwamfuresan motar sun gaji. A cika zuwa kimanin bar 7 (bar awon ƙarfin matsin iska ne), a taka birki a riƙe, a duba agogo: kada ya sauka fiye da bar 0.2 a minti ɗaya. In ya wuce, a bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Birkin hannu shi ma a gyara shi yanzu, domin shi kaɗai ne madogara ranar da layin ya fashe.

Sai bayan wannan ake waiwayar inji, kuma nan ma haƙuri ake so. Babban kuskure shi ne a kawo batir a buga kik, ko a ce yara su tura a saki kuloci. Injin da ya daɗe a tsaye ana fara juya shi ne da hannu, da sifana a kan notin gaban karanshaf, zagaye biyu cikakku. In ya ƙi, a cire nozul ko fulogi, a zuba kimanin mililita 50 na gas da aka gauraya da man giyar otomatik rabi da rabi a kowace silinda, a bari mako ɗaya zuwa biyu ana ɗan jijjiga shi gaba da baya kullum. Ƙarfi ba ya sakin zoben da ya kama, karya shi yake yi. Motocin da salansarsu ke kallon sama ruwan sama yakan bi ta nan ya cika silinda, kuma ruwa ba ya matsuwa, don haka bugun kik ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Ko inji ya saki, a fara juya shi da kik nozul suna waje, a rufa tsumma a kai, duk abin da ke ciki ya fito.

A sauke kaskon ƙasa a wanke dattin da ya daskare da ragar famfon mai, a zuba sabon baƙin mai 15W-40, wajen lita 14 a OM 352, da sabuwar filta. A kwance hanyar iska tun daga filta har bakin inji, domin zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ciki, ɓera kuma yana tara tsumma da gyaɗa, kuma duk wannan cikin silinda zai faɗa. A daidaita bawul inji yana sanyi, a OM 352 milimita 0.20 na shiga, 0.30 na fita. Tsohon tankin mai kada a yarda da shi a tashin farko. A sa tiyo a jarka mai tsabta da sabon gas, a canza filtocin mai, a buga famfon hannu har kumfa ta daina fitowa. Nozul a kai wurin masu gwaji, ya kamata su buɗe a wajen bar 200 su yi feshi kamar hazo ba ɗigo. Kada kowa ya tara hannu a gaban feshin, yana huda fata ya shiga jini.

Akwai abu guda da ke lalata inji a minti ɗaya, kuma mutane kaɗan ne ke dubawa. A cikin famfon injekta akwai wata sanda mai haƙora da ke ƙara mai ko rage shi. In ta daskare a wurin cikakken mai, inji yana tashi zai yi ta hawa ba tsayawa, kashe makulli ba zai yi komai ba, har sai wani abu ya fasa bulok ya fito. A buɗe murfin gefen famfon a tabbatar sandar tana tafiya tana dawowa da yatsa ba tare da tirjiya ba. Sannan ranar tashin a sa mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako mai kauri kusa da bakin iska, aikinsa kawai ya toshe in inji ya gudu. Da katako ake toshewa, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Kik kada ya wuce daƙiƙa goma sha biyar a bugu ɗaya, a huta minti biyu. In inji ya kama kuma agogon baƙin mai bai motsa ba cikin daƙiƙa goma, a kashe nan take.

Hayaƙi yana ba da labari. Fari mai warin gas a farkon tashi, wanda ke ɓacewa in inji ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Fari mai kauri da ba ya yankewa kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ɗin kai ne. Shuɗi, zobe ko jagoran bawul. Baƙi, nozul ko toshewar iska. Lagireto a kai a buɗe shi a zure kowane bututu, a canza tiyo da fambel da ƙananan marafan gefen bulok da suka yi tsatsa. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu makanikai su daina cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin gas da ba ya kai zafinsa na aiki, wajen digiri 80, mai ba ya ƙonewa sosai, yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Safiyar hunturu a Kaduna ta isa ta nuna wa mutum haka. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla kuma yana barin farar ƙasa a ciki, a haɗa da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Taya ita ce ta fi cin kuɗi, kuma tana kashe mutane. RL tana ɗaukar 11.00-20, MK 12.00-20, M35 kuma 9.00-20, duk da tub da shimfiɗar roba a ciki. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ne kawai, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da amfani komai zurfin zanenta. Wilin motocin nan mai zobe ne da ake ɓamɓarewa. In zoben ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe, ko an ɗauko na wani wili daban, yana iya fincikewa lokacin ba da iska da ƙarfin da zai cire kan mutum. A sace iska gaba ɗaya kafin a taɓa shi, a kankare ramin da yake zama, a ba da iska a cikin kejin ƙarfe ko a naɗe wilin da sarƙa mai kauri a wuri biyu, da dogon tiyo, mai faci yana tsaye a gefe. Kada a daki zobe da guduma alhali akwai iska a ciki. Wani abin lura: a Bedford da M35 notocin ƙafafun hagu haƙoransu na hagu ne, ana kwance su ne ta inda ake ɗaure sauran. Da yawa an karye su da dogon bututu saboda rashin sanin wannan. Haka nan kusoshin Bedford da M35 awon inci ne, na Marsandi da Steyr awon milimita, kuma tilasta wa wani a ramin wani yana cinye haƙori.

Giyabos da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya da aksul biyu duk a zubar da mansu. Kafin a buɗe notin zubarwa a tabbatar na cikawa yana buɗuwa. Man da ya fito kamar madara ruwa ya shiga, a duba boris. Giyabos mai zoben tagulla man GL-4 yake so, GL-5 na aksul ne kuma yana cin tagulla a hankali. A buɗe ƙananan hancin numfashi da ke saman aksul, don in laka ta toshe su zafi zai tura mai ta sil ya jiƙa birkin da aka gama gyarawa. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, kuma kada a sa ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, saboda gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har sandar aksul ta murɗe.

Wayarin ba mu da dogon bayani a kansa: tsohuwar waya ta bushe, ɓera ya ci rabi, a sake sabo gaba ɗaya da fis a kowane layi da makashin batir babba. Motar da ke kan bolt 24, batir biyu ne masu 12 a jere, su zama iri ɗaya shekara ɗaya, altaneto ya ba da wajen 28. Kada a ja wutar rediyo ko cajar waya daga batir ɗaya, wannan yana sa ɗaya ya yunwata ɗayan ya ƙone, a sayi ƙaramar na'urar rage wuta. A ƙara sigina da fitilar birki da madubai na zamani, tunda da su za a je gaban jami'an duba lafiyar mota. Tsofaffin agogunan wasu motocin soja masu haske da dare fentin radiyam ne a fuskarsu, sinadari mai cutar da jiki, kada a buɗe gilashinsu ko a kankare su.

Daɓen bodi a yi shi da busasshen katako mai tauri kamar maɗaci, kauri inci ɗaya da rabi, a shafe shi da maganin gara ta kowane gefe kafin a ɗaure, a bar 'yar tazara tsakanin alluna don ruwa ya wuce. Masu ɗinkin tamfol kuwa ba sai an nuna musu aikinsu ba, a ba su awon bakunan ƙarfen kawai.

Fenti shi ne na ƙarshe. Tsohon fentin yana iya ƙunsar dalma, a kankare da takunkumi mai kyau, nesa da yara. Ƙarfen da aka tsiraita a shafa masa fentin ƙasa a ranar, jan oksaid ko ifoksi, kada ya kwana. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita takwas zuwa goma a shafa guda, kuma ana son biyu na ƙasa biyu na sama. A watan Agusta danshi yana shiga ƙarƙashin fenti ya tashi ƙuraje, a tsakiyar hunturu ƙura tana manne masa, don haka ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, da sassafe, a yayyafa wa ƙasa ruwa. Ruwan madara ko ja ko shuɗi mai haske duk suna yi wa motocin nan kyau. Fitar farko a yi ta a fili mara jama'a, a gwada birki a tafiyar ƙafa kafin a sa giya ta biyu, a tsaya bayan kilomita biyar a taɓa kowane durom da cibiyar ƙafa, a sake ɗaure notocin taya bayan kilomita hamsin. Wanda ke aikin a ƙarshen mako kawai ya sa ran shekara biyu ko fiye, kuma taya da birki za su iya fin kuɗin sayen motar.

Muna da roƙo ga hukumomi. Rundunar soja, idan za ta yi gwanjon motocin da suka gama aiki, ta riƙa ware masu cikakken jiki ta sayar da su ɗai-ɗai da takardar sallama mai lambar shasi, tare da littafin gyaransu in yana nan, maimakon a haɗa su duka a kuɗin ƙarfe. Gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia, nesa da yaranmu. Gidan tarihi na kan titin Ali Akilu ko harabar NDA za su iya ɗaukar Bedford ɗaya da Steyr ɗaya da Marsandi ɗaya, kuma a irin wannan wuri ne ya halatta a bar su da korensu na asali. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ita ma za ta amfana da guda ɗaya a ɗakin koyon aiki, domin inji ne da ɗalibi zai ga kowane sashe nasa da ido ba tare da kwamfuta ba. 'Yan'uwanmu masu sayen ƙarfe kuma, kafin ku kunna wuta a kan irin wannan mota, ku kira makanike ya cire famfon injekta da giyabos da aksul da agoguna da farantin bayanai. Kuɗin waɗannan a hannun mai gyara ya fi abin da sikeli zai ba ku.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu makanikan manyan motoci da masu walda,
Kaduna.